Minshari da dishewar murya: ciwo ɗaya ne ko biyu?

Daga zauren ƴan Adar mazauna Yamai

Alhaji Idi, Bukoki: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri zan katse maganar gudummawar biki, wata damuwa ce ta ishe ni. Wata 8 ke nan muryata ba ta fita da asuba. Waɗanda muke unguwa ɗaya sun san ni ke kiran salla in ladan ya makara, to yanzu in na kama lasifika sai ka ce an shaƙe zakara. Sai wajen ƙarfe 10 take washewa. Ga wani abu tokare a maƙogwaro kamar ƙwayar magani ta maƙale, in haɗiye ya ƙi wucewa, in yi kaki ba abin da ke fita. Gyaran murya kuwa har maƙwabtan rumfata a Katako sun fara kwaikwayona. Na je asibiti aka ce ruwan ciki ne ke tasowa, aka rubuta mini omefrazol. Na ce wa likitan ni fa ban san ƙwannafi ba tunda nake. Na dai sha wata 2, sauƙin bai taka kara ya karya ba. Sai ga wata sabuwa: makon jiya mun je Tawa ɗaurin aure, muka kwana ɗaki ɗaya da Sani ɗan ƙanwata, da safe yaron nan ya ce wai numfashina na ɗaukewa in ina barci. Wanda ya san wani abu ya taimaka.

Sani: Kawu, ba wai ba ne, na ɗauka a waya. Minsharin zai yi ta hawa, sai ya yanke ɗif. Ƙirjinka na motsi, cikinka na motsi, amma iska ba ta shiga. Na duba agogon waya, akwai wanda ya kai daƙiƙa 26. Daga nan sai ka yi wani irin gurnani ka ja numfashi da ƙarfi, ka tauna baki ka haɗiye miyau, ka koma. Ni daren nan ban runtsa ba, sau biyu ina tashi in taɓa ƙafarka.

Ila Tela: Ashe shi ya sa baƙi suka kwashe tabarminsu suka koma waje. Mu da muka ce zafi ne ya kore su.

Hajiya Tsahara: Allah shi sawwaƙe, Idi. Wanga belu ne. Shi ne ka sauka bisa harshe in mutum ya kwanta, shi hana murya shi hana lumfashi. A kira wanzami shi cire, aikin minti guda ne. Mu duk haka anka yi muna muna ƙanana. Na tasowar ciki ko, jiƙa jar kanwa ka sha bayan tuwo. Da tsohuwar zuma aka magani.

Malam Habu: Allah ya ba da lafiya, Alhaji. Ka tabbata kuma ba dannau ba ne? A riƙe azkar na kwanciya.

Likita Hadiza: Wa alaikumus salam. Sannu Baba Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan iya yanke maka ciwo ta waya ba, amma abin da Sani ya kwatanta likitoci sun san shi sarai. Kafin in yi bayani, amsa mini waɗannan: kilo nawa ne nauyinka? Kana da hawan jini? Sau nawa kake tashi fitsari da dare? Kana farkawa da ciwon kai ko bushewar baki? Da rana kana gyangyaɗi inda bai kamata ba? Ƙarfe nawa kake cin abincin dare? Sannan a sami tef ɗin tela a auna mini kaurin wuyanka.

Malam, dannau daban yake. Mai dannau a farke yake, yana ji yana gani amma ya kasa motsi, kuma da safe shi zai ba da labari da bakinsa. Wannan kuwa mai shi bai san ana yi ba, na kusa da shi ne ke sha.

Alhaji Idi, Bukoki: Ɗiyata, kamar kina gidan. Kilo 104. Hawan jini shekara 6, ƙwaya iri biyu nake sha amma bai cika sauka ba. Fitsari sau 3, wani dare 4. Ciwon kai da safe kusan kullum. Gyangyaɗi kuwa ko a huɗubar Juma'a, har kunya nake ji. Abinci sai na rufe rumfa na yi isha, na biya fada an sha shayi, in shigo wajen 11 in ci tuwo, wani lokaci da ɗan balangu da yaji, in kwanta. Wuya Ila ya aiko yaronsa ya auna, santimita 44.

Likita Hadiza: To Baba, abu biyu ne a nan, kuma sukan yi tafiya tare.

Na farko, tasowar ruwan ciki zuwa maƙogwaro. Bututun abinci ƙofa biyu gare shi, ɗaya a ƙasa bakin tumbi, ɗaya a sama daidai wuya. In ruwan tumbi ya ƙetare ta ƙasan ya tsaya a ƙirji, shi ne ƙwannafin da kowa ya sani. In ya ƙetare ta saman sai ya taɓa maƙogwaro da igiyoyin murya. Bututun abinci ya ɗan saba da tsami, yana da yadda yake kare kansa, amma maƙogwaro bai da wannan garkuwar, ɗan kaɗan ya isa ya kumbura shi. Kuma ba tsamin kaɗai ba ne, akwai wani sinadari mai narka nama da ake kira fefsin, shi ma yana biyo ruwan. Shi ya sa mutane da yawa masu wannan matsala ba sa jin ƙwannafi ko kaɗan, sai dishewar murya, gyaran murya, tari busasshe, da jin abu ya tokare. Don haka likitan da ya gaya maka haka bai yi shirme ba.

Na biyu, ɗaukewar numfashi cikin barci, wanda a asibiti za ka ji ana cewa apne. In mutum ya yi barci naman maƙoshi da harshe na sakewa. A wasu mutane hanyar iskar sai ta rufe ruf. In rufewar ta kai daƙiƙa 10 ana ƙirga ta ɗaya. Iskar jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta ɗan tada mutum don ya ja numfashi, ya koma barci bai sani ba. Ana ƙirga sau nawa hakan ke faruwa cikin awa ɗaya: 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Ka ga wanda ake tadawa sau 30 a awa ai bai yi barci ba ko da ya yi awa 8 a gado. Daga nan gyangyaɗin yake, da hawan jinin da ba ya jin magani, har yawan fitsarin dare.

Ila Tela: Lokotoro, duk mun ji. Amma me ya haɗa tumbi da minshari? Wannan na ƙasa, wancan na sama.

Likita Hadiza: Ka san zugazugin maƙeri? Toshe bakinsa ka buɗa shi da ƙarfi, zai nemi iska ta duk wata kafar da ya samu. Haka ƙirji yake. Lokacin da Sani ya ga ƙirjin Baba na motsi iska ba ta shiga, ƙirjin na ja ne a kan ƙofa rufaffiya, kuma bututun abinci ta cikin ƙirjin ya ratsa. Wannan jan yana iya taimaka wa ruwan tumbi ya hau. Ƙari a kan haka, mai barci ba ya yawan haɗiya, miyau kuma yana raguwa, to abin da ya taso sai ya daɗe a wurin ba a wanke shi ba. Ta ɗaya gefen kuma, maƙogwaron da tsami ya kumbura ya ƙara ƙunci ke nan, kuma jinsa na dusashewa, bai saurin gane ya rufe. Kowanne na zuga ɗan uwansa.

Nasiru, Harobanda: Ranki ya daɗe Anti, ina neman afuwa, ɗalibi ne ni ban kai in ja da ke ba. Amma abin da muka karanta, maganar zuƙowar nan ana gardama a kanta. Da aka saka ma'auni cikin bututun abinci na masu apne, an ga lokacin da numfashin ya toshe ƙofofin biyu ƙara matsewa suke yi, kamar jiki na kare kansa. Tasowar ta fi zuwa ne lokacin ɗan farkawar nan, sa'ad da ƙofar ƙasa ke sakewa na ɗan lokaci. Wasu ma na ganin ƙiba ce uwar duka biyun: teɓa na danna tumbi, kitsen wuya na matse hanyar iska. Wato ba lalle ne ɗaya ya haifi ɗaya ba, ƴan uwa ne kawai.

Likita Hadiza: Ja da ni, Nasiru, haka ake koyo. Gaskiyarka, na sauƙaƙa abin fiye da kima don a gane. Masana ba su gama daidaitawa a kan wanne ke jawo wanne ba, kuma rabon ƙiba a ciki babba ne. Amma ko ta hanyarka muka bi, farkawar me ke kawo ta? Toshewar ce. Mutumin da ke farkawa sau 40 a awa ya ba ƙofar nan dama sau 40. Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne an sha gwadawa an gani: in aka sa wa mai apne injin iska mai buɗe hanyar numfashi lokacin barci, tasowar dare na raguwa a wurin da yawa daga cikinsu. Akasin haka kuwa bai da ƙarfi, maganin tumbi na iya lafar da maƙogwaro, amma ba ya buɗe hanyar iskar da ke rufewa. Wannan ne nake so Baba ya riƙe. Zai iya shekara yana shan omefrazol alhali babban abin na nan yana jiransa kowane dare.

Nasiru, Harobanda: Na yarda da wannan. Sai dai kada siraran zaure su saki jiki. Mai ƙaramin haɓa ko manyan ƙululun maƙogwaro na iya samu ko ba teɓa.

Hajiya Tsahara: Ku dai yaran zamani da dogon turanci. Belun hwa?

Majo Lawali, Tawa: Inna, da girmanki, a bar wanzami a kan aski da ƙaho. Shekarata 19 a aikin nan, na karɓi yara da manya da aka kawo bayan cire belu, wani jini ya ƙi tsayawa, wani wurin ya rube ya kasa haɗiyar ko ruwa. Belun mai minshari yakan yi tsawo ya kumbura, gaskiya ne, amma sau da yawa minsharin ne ya wahalar da shi, yana kaɗa shi dare duka. Toshewar kuma ba a belu kaɗai take ba, har bayan harshe da gefen maƙoshi. Ko likitocin da ke aikin tiyata a wurin sai sun zaɓi wanda zai amfana. Kanwa kuma gishiri ce a cikinta, mai hawan jini irin Alhaji ba abin da zai mayar abin sha kullum ba ne.

Hajiya Tsahara: To Allah shi kyauta. Ni dai nawa an cire, ga ni shekara 67.

Alhaji Mamman, Filato: Idi abokina, bari in ba ka nawa, don ni na shiga wannan rigar. Shekara 4 da suka wuce na je Tunis duba zuciya, likitan ya dubi wuyana ya ce sai na yi gwajin barci. Suka ɗaura mini ɗamara a ƙirji da ciki, ƴar roba a hanci, wani abu a yatsa, na kwana da su. Da safe takarda ta ce sau 41 a awa. Na ce ƙarya ne, ni da nake barci kamar gawa. Suka nuna mini zanen iskar jinina tana sauka tana hawa kamar haƙoran zarto.

Aka haɗa ni da injin, a takardun Faransanci PPC ake rubutawa, wasu na cewa CPAP. Ba iskar asibiti ba ce, iskar ɗaki ce yake turawa ta abin rufe hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Ba zan yi maka ƙarya ba, makonni 3 na farko na tsane shi. Ina tashi cikina ya cika da iska, gyatsa kamar wanda ya sha lemo kwalba 5, sai da aka rage mini ƙarfinsa. Ga ɗauke wuta lokacin zafi, kana tsakiyar barci injin ya yi shiru ka farka kamar an toshe maka hanci, dole na haɗa mishi batir da farantin sola. Kuɗi ya ci. Amma ni da nake ajiye Gaviscon, maganin ƙwannafi, a gefen gado kamar ruwan sha, yanzu kwalba na daɗewa har in manta inda take. Ɗacin nan da ke tada ni ƙarfe 3 ina tari ya tafi. Hajiya ma ta dawo da kayanta ɗakin.

Nasiru, Harobanda: Injin nan wani likita ne a Sidni ta Ostireliya ya ƙirƙiro shi, Colin Sullivan, ya fitar da bayaninsa a 1981. Kuma ciwon ba na tsiraru ba ne, wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 ƴan shekara 30 zuwa 69 ke da shi a duniya.

Musa Direba: Ni tun ɗazu shiru na yi ina karatu, jikina ya yi sanyi. Duk abin da Alhaji Idi ya lissafa ina da shi, har ɗacin da Alhaji Mamman ya faɗa. Watan jiya tsakanin Dogon Dutsi da Doso, da rana tsaka, ban san sa'ad da idona ya rufe ba, sai jin taya na yi bisa tsakuwa. Yaron mota ne ya yi ihu. Tun ran nan goro da shayi mai kauri nake ta ɗura wa kaina. Wani ya ce in sami ƙwayar barci in riƙa sha in na sauka, don in yi barci mai nauyi in huta sosai.

Likita Hadiza: Yaya Musa, don Allah kada ka sha. Ƙwayoyin barci irin su Valium ƙara sakar da naman maƙoshi suke, kuma su hana ƙwaƙwalwa saurin tada kai in numfashin ya tsaya. Tramol ma yana danne numfashi. Goro da shayin kuma rufe alamar kawai suke, sannan suna iya tsananta tasowar cikin. Kai naka ma ya fi na Baba gaggawa, don shi a rumfa yake gyangyaɗi, kai da rayukan mutane a bayanka.

Musa Direba: In mai mota ya ji ina da ciwon barci ai ya karɓe makulli. Ƴaƴa 7 gare ni.

Majo Lawali, Tawa: In ka kifar da ita ma zai karɓa, Musa. Wanda aka yi wa magani yana tuƙinsa lafiya lau. Kafin nan, in ka ji ido ya yi nauyi ka faka ka yi minti 20, fasinja su yi ta ƙorafi.

Likita Hadiza: Baba Alhaji, ga abin da za ka fara tun yau, bai buƙatar ko dala. A bar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, wato tuwon ya dawo bayan magariba, a kai maka rumfa in ta kama. Balangu da yaji a mayar da su rana. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo, santimita 15 zuwa 20. Tara matasai ba ya yi, lanƙwasa ka yake ya danna cikin. Omefrazol ana shan shi minti 30 kafin karin kumallo, ba bayan an ci ba, da yawa nan suke kuskure. Ka daina kwanciya rigingine, nan ne harshe ke faɗawa baya. Ka kwanta ta gefen hagu, don a haka bakin tumbi ke zama sama da abin da ke cikinsa. Nauyi kuma, wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki na rage yawan ɗaukewar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. A wurinka kilo 10 ke nan.

Malam Habu: Likita, a nan zan tsaya. Sunna ita ce kwanciya ta gefen dama, hadisi ne ingantacce. Ba ma ce wa mutane su bar ta ba saboda binciken Turawa.

Ila Tela: Yau ake yin ta.

Likita Hadiza: Allah gafarta Malam, fannin ku ne, ba zan sa baki a hukunci ba. Abin da na sani shi ne an auna, mai tasowar ciki ya fi samun ta a gefen dama fiye da hagu. Ga mai lafiya babu wata damuwa. Ta wajen numfashi kuwa dama da hagu duk sun fi rigingine. Kai za ka gaya mana yadda mara lafiya zai yi.

Malam Habu: To, in lalura ce da sauƙi. Ya yi alwala, ya fara kwanciya ta dama ya karanta addu'o'insa, ya sami sunnar. In ya juya daga baya babu laifi, dama ba wanda ke kwana a gefe ɗaya har asuba. Abin da ban so shi ne a ce wa masu lafiya su ma su sauya.

Alhaji Idi, Bukoki: Na gode Malam, ka fisshe ni. Ɗiyata, to wane likita zan nema? Na gaji da yawo da takardu.

Likita Hadiza: Biyu. Na kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubutawa ORL, ya zura ƴar kyamara ta hanci ya ga igiyoyin muryar da idonsa. Wannan dole ne, duk muryar da ta dishe sama da mako 3 sai an leƙa, balle wata 8, don akwai wasu cututtukan da ke farawa da haka, musamman ga wanda ya taɓa shan taba. Sai likitan huhu, ka ce mishi gwajin barci kake so, shi zai nuna maka inda za a yi. Ka tafi da bidiyon Sani, ya fi duk bayanin da za ka yi da baki. Ka tafi da kwalayen maganin hawan jininka ma, akwai irin da ke sa tari busasshe kamar kaftofiril, akwai irin da ke sassauta ƙofar tumbi kamar amlodifin. Kada ka daina ko ɗaya da kanka, ka dai nuna musu. In kuma ka fara jin abinci na tsaya maka, ko kana ramewa ba dalili, ko ka ga jini a kaki, kada ka jira ranar randebu.

Sani: Kawu, bidiyon ya yi nauyi ya ƙi turuwa. Gobe in na taso aiki zan biyo in sa maka a wayarka.

Alhaji Idi, Bukoki: Ka zo da bulo biyu daga wurin ginin nan na kusa da ku. Kuma kada in ji bidiyon nan a wayar Ila.

Ila Tela: Ai ni ba na buƙata, a Tawa na ji shi kai tsaye ta katanga.

Musa Direba: Alhaji, ranar da za ka wajen likitan huhun ka kira ni. Talata da Laraba ina gari.